Shafin da Akawu Ta Bari a Buɗe

Wata bakwai da kwana tara ke nan kwamfutar da ke ɗakin Mai Rediyo ba ta mutu ba, ko na ƙiftawar ido. Ba wai wutar unguwar ce ta shiryu ba, tana nan da halinta na tafiya ba sallama. Shi ne ya ajiye batirin mota biyu a ƙarƙashin tebur, ya haɗa su da hannunsa da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ya naɗe wayoyin da baƙin tef tsaf, yadda ya saba tun yana da shagon gyaran rediyo. Ƙanƙarar firiji ta sha narkewa, fankar sama ta sha tsayawa da tsakar rana yana zufa sharkaf, bai taɓa sam musu wutar batiran nan ba. Ta kwamfuta ce ita kaɗai, saboda shafin da matarsa ta bari a buɗe.

Akawu yake ce mata tun kafin aurensu, don a lokacin tafireta take bugawa a wani ofis da ke bayan tashar mota. Ita kuma Injiniya take ce masa, amma kada ka ɗauka girmamawa ce, ta fi kiran sunan ranar da ya kwance abu ya kasa mayarwa. Rediyo ce ta haɗa su. Ta babanta ce, mai rigar fata ruwan ƙasa da hannun ɗauka, ta kawo masa ita gyara sau uku cikin wata ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a falon gidan nan ya ji wannan labari, 'ya'yansu kuwa har sun haddace shi: yadda rediyon ta yi taurin kai, yadda ya yi ta fama da ita, yadda a ƙarshe ya ci galabarta ya kuma samu mata a kai. In yana bayarwa, Akawu ba ta ko ɗagowa daga abin da take bugawa, sai dai ta ce, "Injiniya ke nan." Rediyon ta biyo ta gidan aure, tana kan kabad har yau, shiru. Tun ranar da aka kawo ta Akawu ta ce wannan ta gama aikinta, kada ya kuskura ya taɓa mata ita, shi kuwa bai taɓa ba.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dukan tafireta. Da ofis ya koma kwamfuta, samarin wurin suna ta ƙorafi, ita cikin mako guda ta kama hanya. Bayan ta yi ritaya ma ba ta huta ba, duk takardar neman aiki da wasiƙar koke ta unguwar daga teburinta take fita. Da tsohuwar kwamfutarta ta gaji, Auta, ƙaramar 'yarsu da ke koyarwa a wata makaranta can ɗaya gefen gari, ta sayo mata sabuwa mai garantin shekara ɗaya. Akawu ta karɓi akwatin, ta karɓi allon, amma ta mayar da sabon kibod ɗin cikin ledarsa. Tsohon nata ta jona, wanda yatsunta suka cinye haruffansa ƙarƙaf, maɓallan suka zama baƙaƙe sumul suna sheƙi. Auta ta ce, "Mama, ta yaya za ki gane harafi?" Ta ce, "Ke kike dubawa. Ni yatsuna sun san gida."

Shi kuwa Mai Rediyo, an haramta masa wurin. Wata rana ya zo da tsumma zai share ƙura, ya danne wani abu, takardar da ta wuni tana bugawa ta ɓace ɗungurungum. Kwana biyu ba ta sa masa sukari a shayi ba. Da zuciyarta ta sauko, ta koya masa abu ɗaya tak. Akwai wani shuɗin saƙo da ke fitowa kowace safiya yana roƙon a bar shi ya sauya babbar manhajar kwamfutar zuwa sabuwa. A ƙasansa akwai gida biyu, na dama ya ce yanzu, na hagu ya ce a tuna gobe. "Na hagu za ka danna in ba na kusa," in ji ta. "In ka danna na dama, za ta mutu ta sake tashi, duk abin da ban ajiye ba ya tafi. Sauran kuma ba gonarka ba ce."

Ranar da za a kai ta asibiti, da hantsi, tana zaune tana bugawa motar ta iso. Ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi, ta ce, "Bar ta a kunne, in na dawo zan ƙarasa." Da ma akwai 'yar inbata da ke riƙe mata wuta na ɗan lokaci, a ranar ya ƙara mata batiran don ya cika umarni. Kwana goma sha ɗaya ta yi a can, ba ta dawo ba.

Sai da masu ta'aziyya suka watse sannan ya zauna a kujerarta ya karanta. A sama ta rubuta: "Abubuwan da Injiniya zai nema ya rasa." Ashe ta san abin da shi ya ƙi sani. Ta faɗi inda makullin tankin ruwa yake, da wanne ne maganin hawan jini wanne ne na ciwon gwiwa tunda kwalabensu iri ɗaya ne, da ranar haihuwar kowane jika, da cewa shuɗiyar rigar nan ta matse shi ya daina yaudarar kansa. Layin ƙarshe ya ce: "Takardar garantin kwamfuta tana cikin aljihun keken ɗinki. In ta lalace kada ka buɗe ta, na san hannunka, ka kira". A nan ta tsaya. Bayan kalmar akwai wani ɗan siririn tsinke baƙi yana ƙiftawa a inda rubutu zai ci gaba.

Shafin ba shi da suna a samansa, kuma ya sha jin ta tana salati in wuta ta ɗauke mata shafi marar suna. Ya san ma'anar hakan, ba a ajiye shi ba ke nan. Kalmomin dai ya riga ya haddace su. Tsinken ne ba ya so ya rasa, don muddin yana ƙiftawa, gani yake ta tashi ne kawai ta leƙa tukunya. Kowace safiya sai ya kawo shayinsa, ya ɗage zanen da yake rufe allon da shi, ya danna gidan hagu, ya zauna. Bai gaya wa kowa ba. In Auta ta zo ran Asabar, sai ya ja ƙofar ɗakin. Kunya yake ji a ce tsoho kamarsa yana gaida allo da safe, kuma yana tsoron saurin hannun 'ya'yan zamani.

Wata Litinin ya shigo da kofinsa, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Kunnen da ya shekara arba'in yana sauraron cutar na'ura ba ya kuskure. A ƙarƙashin hucin da akwatin ya saba yi akwai wata sabuwar ƙara, siririya, ƙirr, ta ɗan yi shiru, ta sake. Ya ɗauko sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin akwatin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya bi kusurwa-kusurwa. Fankar ciki ce, gindinta ya bushe. Ya shafa saman akwatin, ya ji ɗumin ya fi na jiya.

Aikin minti biyar ne. Noti huɗu, ɗigon man keken ɗinki ɗaya, shi ke nan. Kafin ya ankara har ya sa bakin sukudireba a notin farko, hannunsa ya riga shi yanke shawara. Sai ya ga 'yar farar takardar da kamfani ya manna a kan gaɓar murfin, wadda in ta yage garanti ya rushe. Ya ɗaga kai, ga layinta a allo yana kallonsa: na san hannunka. Ya ajiye sukudirebar, ya ce a fili, "To, na ji."

Bai gama da wannan ba shuɗin saƙon ya fito, amma yau da wata fuska. Babu gidan hagu. An gaji da jiransa, ranar Juma'a da safe kwamfutar za ta mutu ta tashi da sabon tsari, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ya daɗe yana yawo da kibiyar allon a inda gidan yake a da, kamar mai laluben aljihun da aka ɗinke. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da ji tun ranar asibiti.

Takardar garantin tana inda ta ce, a ninke huɗu, saura kwana goma sha biyu ta ƙare. Ya sa ta a aljihu, ya kama hanyar shagon da aka sayi kwamfutar. Hanyar ta bi ta gaban tsohon shagonsa. Yanzu rigunan waya ake sayarwa a ciki, an shafe bangon da fenti ruwan hoda, amma ƙusar da yake rataye ƙarfen dalma tana nan a jikin ƙofa, ba wanda ya damu ya cire ta. A da, a nan mutane suke yin layi da rediyoyinsu a rungume, kowa ya kwaikwayi kukan tasa da baki, wani ya yi shuu, wani ya yi ƙurr-ƙurr, shi kuwa yana danne dariya yana gane cutar tun kafin ya buɗe. A wancan zamanin ba a yar da abu, rediyo ɗaya sai ta ga auren mutum ta ga na ɗansa. Ya ɗan tsaya yana kallon ƙusar, da ya ga mai shagon ya fara kallonsa sai ya wuce.

Shagon kwamfutar sanyi ƙalau, ga fitilu ko'ina. Mai kula da garanti wani magidanci ne mai furfura jefi-jefi a gemu da tabarau a goshi. Ya duba takardar, ya duba hannun Mai Rediyo, ya ga babu komai.

"Baba, ina kwamfutar?"

"Tana gida. Ba ta fita."

"To me take yi?"

Mai Rediyo ya waiga hagu da dama, ya ga ba mai kallonsa, ya tsuke baki ya yi ƙirr, ya yi shiru, ya sake yin ƙirr. Yau ga shi a wancan gefen teburin.

Mutumin bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Fankar ciki ce."

"Na sani. Gindinta ne ya bushe. Ɗigon mai take so."

"A'a, ashe Baba namu ne!" Ya sauko da tabaran kan hancinsa. "Amma mu nan ba ma sa mai. Cire ta za mu yi mu sa sabuwa, tsohuwar mu mayar wa kamfani. Garantinka da ransa, kawo ta kawai. In ta zo ma sai mu ƙarasa mata sabon tsarin gaba ɗaya, ka huta da saƙon nan na kullum."

"Za ku iya canza fankar tana kunne?"

"Tana kunne? Baba, ko ka iya ɗauko ta da wutarta har nan, ni ba zan sa hannu a ciki ba sai na kashe. Kai ka taɓa canza wani abu a cikin rediyo tana magana?"

Ya taɓa, sau da yawa ma, kuma ya sha jan wuta, amma bai faɗa ba. Ya ce, "Abin da ke ciki fa?"

"Wanda aka ajiye yana nan. Wanda ba a ajiye ba sai haƙuri." Mutumin ya dube shi da kyau, ya sassauta murya. "Akwai wanda ba a ajiye ba ke nan. To kada ka jira Juma'a. Fankar nan in ta tsaya, zafi zai kashe kwamfutar, ko yau ko gobe. Ka samu wanda ya iya ya ajiye maka. Ba ka da kowa ne?"

Da ya koma gida, ya ɗauko ƙaramar fankar tebur ya jona ta a batiran, karo na farko da wani abu ya ci wutarsu ban da kwamfuta, ya saita ta a jikin akwatin. Ya zauna yana kallon layin ƙarshe. Wata bakwai yana karanta "ka kira", kuma ba wai bai san sunan da zai biyo baya ba ne. Ya ɗauki waya.

Auta ta iso washegari bayan an tashi makaranta, da sauran alli a hannun rigarta. Ta tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, abin da ta manta rabon da ta gani. Ta dubi batiran, ta dubi fankar da ke yi wa akwati fifita, ta dubi babanta tsaye a gefe kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Sannan ta zauna ta karanta. Ta yi dariya a wurin shuɗiyar riga, dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta koma kuka.

"Baba, wata bakwai? Kai kaɗai?"

"Ita ta ce a bar ta a kunne."

"Ai da ka faɗa mini. Wallahi abu ne na daƙiƙa biyu. Maɓalli biyu zan danna, shi ke nan an ajiye."

"Tsinken fa?" Ya nuna da haɓa. "Wannan mai ƙiftawar. Zai tsaya a inda ta bar shi?"

Ta so ta yi masa ƙarya, ya gani a fuskarta. Ta ce, "Rubutun ne zai zauna, Baba. Shi tsinken duk inda aka sa shi nan yake tsayawa. Zan nuna maka yadda za ka riƙa mayar da shi wurin."

Ba ɗaya ba ne, kuma su duka sun sani. Fankar ciki ta ja wata doguwar ƙara ta yi shiru, shirun ya yi tsawo har suka kalli juna, sannan ta ci gaba. Ya ce, "Yi."

Ta share ido, ta kai hannu, sai ta tsaya. Auta irin mutanen nan ce masu bugawa da yatsa biyu ido a kan haruffa, ga shi babu harafi ko ɗaya, baƙaƙen maɓallai ne kawai. Ta danne na kusurwar ƙasa, ta auna da ido inda take zaton ɗayan yake, ta danna. Da yake kuma ɗabi'arta ce ba ta yarda da yi ɗaya, ko ƙofa ta kulle sai ta sake murɗawa, nan take ta sake danna su karo na biyu.

Layin ƙarshe ya ɓace. Mai Rediyo ya yi wata ƙara da bai san yana da ita ba, ya dafe kan kujerar.

"Wayyo, Baba, tsaya, tsaya! Kuskure na yi, na sauka layi ɗaya. Wannan na komawa baya ne, yana warware abin da aka yi. Ba a rasa komai ba, yanzu zan dawo maka da..."

Ba ta ƙarasa ba. A inda layin garantin yake, wani rubutu ne daban ya fito, layi biyar. Dannawar farko ta janye abin da Akawu ta buga a ƙarshe. Ta biyun ta dawo da abin da ta goge kafin ta buga shi. Auta ta karanta a hankali, da murya, don idon babanta ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

"Akwai kuma wata magana. Rediyon babana da na kawo maka sau uku, lafiyarta ƙalau. Ni nake buɗe bayanta in yanke jar wayar da rezar fiƙe fensir ta ofis. Na huɗun ma na yanke, sai ka riga ni, ka zo gidanmu da kanka. Shekara arba'in da biyu kana ba mutane labarin gwanintarka, na kasa ƙwace maka shi. Ka yafe mini."

Fankokin nan biyu suka ci gaba da ƙararsu. Auta ba ta yarda ta juyo ba, tana tsoron abin da za ta gani. Sai ta ji wani sauti a bayanta, ta ɗauka kuka ne. Dariya ce, yana yi hawaye na bin gemunsa.

"Reza ce ashe. Ni duk na ɗauka almakashi ne."

"Baba, da ma ka sani?"

"Ke, waya in ta tsinke don kanta, bakinta a tsattsage yake. Wannan kuwa sumul. Tun zuwan farko na gani. Na biyu da na uku ma, dab da inda na liƙe wancan karon, ko wahalar da ni ba ta son yi. Aikin minti biyu ne, ni kuma in ɗaure fuska in ce mata cutar babba ce, ta dawo jibi."

"Shi ne ba ka taɓa gaya mata ba?"

"In na faɗa a lokacin, kunya za ta hana ta dawowa. Bayan aure kuma na ga tana jin daɗin ta yi mini wayo, na ce bari in bar mata kayanta. Da muka tsufa na so in faɗa. Kullum sai in ce gobe." Ya goge fuska da hannun riga. Dariyar ta tafi, ta bar shi da baƙin ciki tsantsa, na cewa Akawu ta yi shekaru ɗauke da nauyin laifin da shi ya fi kowa murna da shi. "Amma na huɗun nan ban san da shi ba."

Auta ta ce abin da aka goge ba ya zama a ko'ina sai a shafin da ba a taɓa rufewa ba. Da wuta ta ɗauke sau ɗaya, ko da ya kira ta tun watan farko ta ajiye ta rufe, da ba wanda zai taɓa ganinsa. Ta dubi batiran nan biyu da baƙin tef ɗinsu, sannan ta juya ga allon. Wannan karon da kibiya ta yi aiki, ba ta sake yarda da maɓallan ba. Ta kwafe rubutun, ta dawo da layin garantin, ta liƙa abin da aka goge a ƙarƙashinsa. Kwamfutar ta nemi sunan shafin, ta waigo.

"Sa Akawu," in ji shi. Da ta gama ya ce, "Matsa."

Ta ba shi kujerar. Ya sa ta sauko masa da tsinken ƙasan rubutun, ya ɗaga yatsa ɗaya sama da kibod ɗin da aka hana shi taɓawa. Kalma biyu kawai yake so, amma sai da suka sha wuya. Ya danna, wani harafi daban ya fito, Auta ta goge ta nuna na kusa, shi ma ba shi ba ne. Malamar makaranta da injiniya guda, sun haɗa kai suna zufa a kan abin da matar nan take yi tana hira tana kallon taga. Sai da suka kusa cin minti biyar sannan ya fito: "Na sani."

Auta ta sake ajiyewa, sau biyu kamar yadda ta saba, ta kwafa a filash, ta tura wa kanta a waya. Sannan ta nuna masa inda ake kashewa, ta janye hannunta. Ya daɗe yana kallon tsinken yana ƙiftawa, yanzu a bayan kalmarsa. Ya danna. Allon ya yi duhu, fankar ciki ta yi ƙirr ɗinta na ƙarshe ta tsaya. Ya ji agogon bango, ya ji famfon maƙwabta yana zuba a bokiti. Wata bakwai yana tsoron wannan lokaci. Ya yi ciwo, ba ƙarya, amma ba irin ciwon da ya zata ba.

Da safe suka kai akwatin shago, shi ya rungumo shi a cinya duk tsawon hanya. Mai garanti ya juya shi, ya duba farar takardar nan ya gan ta lafiya lau, ya kuma ga ɗan ƙarzanen sukudireba a notin farko. Ya dubi Mai Rediyo ta saman tabarau.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Sai ka dawo jibi."

"Jibi? Aikin minti nawa ne?"

"Fankar minti goma. Sabon tsarin ne mai cin lokaci. In ta tashi za ka ga komai ya sauya wuri, kada ka tsorata, shafinka yana nan."

Auta ta wuce makaranta, shi ya koma gida. Teburin ya yi fili, sai baƙin allo da tsohon kibod. Ya jawo kujera, ya taka a hankali saboda gwiwa, ya sauko da rediyon daga kan kabad. Fatar ta bushe ta tsattsage, hannun ɗaukan ya yi tauri. Ya share ta da tsumma, ya kwance notin baya, ya ɗage murfin.

Ga jar wayar. Ɗigon dalma uku a jere, aikin hannunsa, sun yi baƙi. Dab da na ukun kuwa ga yanka na huɗu, sumul, tun wancan lokacin yana nan. Ya nemo ƙarfen dalmarsa a ƙasan akwatin kayan aiki, ya jona shi a batiran da suka rasa aikin yi, ya zauna yana jiran ya yi zafi, bakin wayar biyu riƙe a yatsunsa.

"Kin kawo a makare, Akawu," ya ce. "Amma zauna, wannan karon ba sai jibi ba."